Zuwa Wurin Aiki a Kan Keke

Kowane ma'aikaci a ƙasar nan, na gwamnati ne ko na kamfani, ya san albashi ba ya isa gida yadda ya fito daga hannun mai biya. Kafin ya kai ga buhun masara da kuɗin makarantar yara, sai hanya ta fara cire nata rabon. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, wannan rabo na hanya ya yi girman da ba a saba gani ba. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota da na babur da na a-daidaita-sahu duk suka rufa mata baya.

Lissafin ba shi da wuya. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta mai da albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000 a wata. To, a ɗauka ga wani masinja da ke biyan naira 500 zuwa ofis, ya biya 500 komawa gida. Cikin kwana 22 na aiki ya kashe naira 22,000, watau kusan sulusin wannan albashi ya tafi a kan zaman kujerar mota. A shekara kuɗin sun kama naira 264,000, abin da ya fi ƙarfin kuɗin keken hawa na yau da kullum. In kuwa sai ya shiga mota biyu kafin ya isa, to, abin ya wuce haka.

Yadda Aka Yi Aka Bar Keke

Keke ba baƙo ba ne. Irin wanda aka sani yanzu, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ƙafar baya, wani Bature ne mai suna John Kemp Starley ya fito da shi a garin Coventry na Ingila cikin 1885. Bayan shekara uku John Dunlop ya ƙago tayar da ake hura wa iska, aka huta da girgiza. Da ya iso ƙasar Hausa wasu suka kira shi basukur, wasu suka yi masa laƙabi da dokin ƙarfe, amma sunan keke shi ya zauna.

Kafin samun mulkin kai da kuma bayansa, keke shi ne abin hawan malamin makaranta da malamin gona da duba-gari da ma'aikacin reluwe. Hukumar En'e tana karɓar kuɗin lasisinsa, a ba mutum lamba ya ɗaura. Gwamnati tana ba ƙananan ma'aikatanta rancen sayen keke, a riƙa cira daga albashi kaɗan-kaɗan. Wanda ya mallaki sabon Raleigh, baƙi wul yana ƙyalli, da ƙararrawa da famfo da fitilar dinamo, ba ya jin wani ya fi shi a unguwa. Kasuwar ta yi ƙarfi har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. A Kakuri ta Kaduna, inda masaƙa ta farko ta fara aiki cikin 1957, dattawa suna tuna yadda titi yake cika da kekuna in an tashi daga aiki.

Arzikin man fetur ne ya sauya al'amura. Bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974 aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, har da ariyas. Mai keke ya sayi babur, mai babur ya fara hangen mota, cikin 1975 kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Har ƙarshen shekarun 1970 litar mai ba ta kai kwabo 20 ba. Sannu a hankali keke ya koma hannun yara da masu kai itace da jarkokin ruwa, ya zama ana auna talaucin mutum da shi. Yau man nan mai araha ya tafi, amma rainin da ya haifar yana nan. Akwai magidanta da yawa da za su gwammace su ci bashi a tsakiyar wata da a gan su sun faka keke a ƙofar ofis. Wannan kunya ce mai tsada, kuma iyali ne suke biyanta daga tukunya.

Wanda Keke Zai Yi wa Rana

Ba kowa ba ne, kuma gara a faɗi gaskiya tun da wuri. Abin da ke yanke hukunci shi ne nisa. Mai tafiya a ƙasa yana cin wajen kilomita 5 cikin awa guda, mai keke kuwa yana cin wajen 15 ba tare da ya matsa wa kansa ba. Saboda haka wanda gidansa yake kilomita 5 daga wurin aiki zai isa cikin minti 20, mai kilomita 10 cikin minti 40. In nisan ya kai kilomita 15 ko fiye, tafiyar kullum ta fara zama wahala, sai ga mai ƙarfin jiki ƙwarai. Mazaunin Suleja ko Kubwa da ke aiki a tsakiyar Abuja ba shi ake nufi ba. Amma a Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri, inda ƙasa take shimfiɗe babu hawa da sauka, da kuma hedkwatocin ƙananan hukumomi, ma'aikata masu yawa suna zaune cikin tazarar da keke zai ci ba da wata gajiya ba. Wuri mai tuddai irin Jos yana bukatar keke mai giya.

Ban da kuɗi akwai lokaci. Mai keke ya san ƙarfe nawa zai fita, ya san ƙarfe nawa zai isa. Ba ya jiran mota ta cika, ba ya bin layin mai, kuma cunkoson da ke tsai da motoci rabin awa bai cika riƙe shi ba. Wannan ya ƙara muhimmanci a garuruwan da aka hana acaba, kamar tsakiyar Abuja tun 2006 da birnin Kano tun 2013.

Sa'an nan ga lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, domin rage hatsarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Wanda ke tuƙa keke minti 20 da safe, minti 20 da yamma, kwana biyar a mako, ya yi minti 200 ke nan, bai ware wani lokaci dabam ba. Sai dai mai fama da ciwon zuciya ko asma, da wanda ya manyanta bai saba ba, lalle ne ya ga likita kafin ya fara. Kowa kuma ya fara da kwana biyu ko uku a mako har jiki ya saba.

Hatsarin Hanya

Nan ne maganar take da nauyi. Cikin 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya tashi haiƙan yana kira ga 'yan Nijeriya su koma ga keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja. Rannan wata bas ta ture shi, ya faɗa rami. Ya tsira da ransa, jama'a suka yi ta raha da labarin. Amma in an bar dariya, abin da ya faru ya nuna gaskiyar da ba ta da daɗi: an gina titunan biranenmu ne domin mota, ba a bar wa mai keke wuri ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum wajen miliyan 1.19 suke mutuwa kowace shekara a kan hanyoyin duniya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Ƙasashen da keke ya samu gindin zama ba haka suka tashi suka ga kansu ba. A Holand motoci sun cika gari bayan yaƙin duniya na biyu, mutuwar yara a kan titi ta yi yawa, sai iyaye suka yi ta zanga-zanga a farkon shekarun 1970. Da ƙarancin mai na 1973 ya zo, hukumomi suka shiga keɓe wa keke hanyarsa. Yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa. Keɓe irin wannan hanya aikin gwamnatoci ne, kuma ba a yini ɗaya ake yinsa ba. Kafin a kai can, akwai abubuwan da suke hannun mai keke, kuma yawancin haɗurran da ke rutsawa da shi a wurare kaɗan sanannu suke aukuwa.

Na farko shi ne bin hannun da ba nasa ba. Tun ranar 2 ga watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma wannan doka ta hau kan mai keke kamar yadda ta hau kan mai tirela. Wasu suna bin hagu da gangan, wai don su riƙa ganin motar da ke zuwa. Kuskure ne babba. Direban da ke fitowa daga lungu zai shiga babban titi, hagunsa yake duba, domin ta nan motoci suke zuwar masa. Mai keken da ya biyo hannun da ba nasa ba ta dama zai ɓullo, inda ba wanda ke sa ran ganinsa. Ban da haka, in aka yi gaba da gaba, gudun mota da na keke haɗuwa suke yi, bugun ya fi muni.

Na biyu shi ne babbar mota a mahaɗar hanya. Direban tirela ko tanka ko tifa yana zaune ne can sama a gefen hagu, akwai kuma wuri mai faɗi a gefensa na dama da madubi ba ya nuna masa sosai. In zai karya dama, yakan fara buɗewa hagu tukuna don ya sami fili. Mai keke da ya ga wannan fili sai ya zaci an ba shi hanya, ya kutsa. Da motar ta karya, ƙafafunta na baya ba sa bin sawun na gaba, suna yankowa ta ciki ne, su matse duk abin da ke tsakaninsu da bakin titi. Saboda haka kada a kuskura a shiga tsakanin babbar mota da gefen hanya kusa da mahaɗa, ko da motar tana tsaye. A dakata a bayanta har ta wuce. Wanda ba ya ganin fuskar direba a madubi, ya tabbata direba ma ba ya ganinsa. Kama jikin babbar mota don ta ja mutum a kan tudu, wannan wasa ne da rai.

Na uku shi ne manne wa bakin titi. Sabon mahayi yakan ga kamar can ne mafaka, alhali can ne yashi da kwalabe da ramuka da bakin kwata suke. Can ne kuma mai a-daidaita-sahu yake yankowa ya tsaya ba zato don ɗaukar fasinja, can direban motar da ke fake yake buɗe ƙofarsa ba tare da ya waiga ba. Abin da ya fi shi ne a bar tazarar kamar mita guda daga bakin titi da kuma jikin motocin da ke tsaye, a miƙe sosai, ban da kwana-kwana tsakanin motoci. Direba ya fi iya kauce wa wanda ya san inda ya dosa.

In za a juya, a waiga tukuna, sa'an nan a miƙa hannu sosai zuwa ɓangaren da za a bi tun kafin a iso. A babban shataletale ko mahaɗa mai cunkoso, ba abin kunya ba ne mutum ya sauka ya tura kekensa ya tsallaka tare da masu tafiya a ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa. Sau da yawa ma hanyar cikin unguwa, ko da ta fi tsawo da kilomita guda, ta fi babban titi sauƙi da kwanciyar hankali. Yana da kyau wanda zai fara ya gwada hanyarsa ranar da babu aiki, ya san ramukanta da lokacin da take ci.

Da duhu kuwa, tilas ne a sami farar fitila a gaba, da jar fitila ko jan gilashi mai ƙyalli a baya. Amfanin fitila ba ganin hanya kaɗai ba ne, babban amfaninta shi ne a ga mutum. Mai baƙar riga a kan baƙin keke bayan magariba, direba ba ya ganinsa sai ya zo dab da shi. Hular kwano ta keke ba ta hana haɗari, amma tana kare kai in an faɗi, raunin kai kuwa yana da haɗari ƙwarai. A bar amsa waya a kan keke, a bar toshe kunne da abin sauraro, domin kunne shi ne idon mai keke na baya.

Direbobi su ma da nasu. Mai keke yana da hakki a kan titi daidai da kowa. In za a wuce shi a rage gudu, a ba shi tazarar kamar mita ɗaya da rabi, ban da danna masa oda a kunne, domin firgita tana kada mutum. In haɗari ya auku, ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, a lamba 122.

Keken Kansa

Kekuna iri biyu suka fi yawa a kasuwa. Akwai baƙin keke na gargajiya irin su Phoenix, mai birkin ƙarfe da kariya mai ƙarfi. Yana da nauyi, amma yana jure wahala, kuma kowane mai gyara a ƙauye yana da kayansa. Akwai kuma masu giya, galibi na hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje. Sun fi sauƙin tuƙi da hawan tudu, sai dai wani lokaci kayan gyaransu suna wuyar samu. Mai sayen na hannu ya duba jikin ƙarfen da kyau, musamman wuraren walda, ko akwai tsagewa. Ya ɗaga kowace ƙafa ya juya ta ya ga ko tana lilo. Ya karɓi rasit, ya rubuta lambar da ke jikin ƙarfen ya adana, domin ranar da aka sace ko aka yi gardama, su ne shaidarsa.

Yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa. Daidai shi ne in mutum ya zauna ya ɗora ƙafa a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta kusa miƙewa, da ɗan lanƙwasa kaɗan.

Kowace safiya a matsa tayoyi a ji ko da iska, a kama birki biyu a ga suna ci. Taya mai ƙarancin iska tana gajiyar da mutum, tana kuma jawo faci. Birkin gaba ya fi na baya ƙarfi, amma wanda ya danne shi shi kaɗai cikin gudu zai iya tashi ta saman keke, don haka a riƙa kama su tare. Sarƙa tana son a goge ta a ɗiga mata mai kaɗan. Baƙin man da aka juye daga injin mota, wanda wasu suke lafta mata, ƙura kawai yake tarawa ya cinye haƙora. Famfo da sholisho da ɗan guntun tub ba su da nauyi, kuma sun fi tura keke kilomita uku neman mai faci. Ban da wannan sai sarƙa mai kauri da kwaɗo, a ɗaure jikin keken da wani abu kafaffe, ba ƙafar gaba kaɗai ba.

Rana, Ƙura da Ruwa

Da bazara zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Tafiyar safe ba ta da matsala in an fita da wuri, ta komawa gida ce take son hattara: a riƙe gorar ruwa, a sa hula, a tafi a hankali. Mai azumi zai fi jin daɗi in ya jira rana ta yi sanyi. Maganin gumi kuwa shi ne kada a yi tsere da kowa. Mutum ya fita minti goma kafin lokaci, ya ninke rigar aiki ko babbar riga a jaka ya ɗaure a kariya, in ya isa ya wanke fuska ya sauya. Bakin wando na dama a naɗe shi ko a ɗaure, haka kuma duk wani mayafi ko tufafi mai jan ƙasa, don kada sarƙa ko wayoyin ƙafa su kama. Mata ma'aikata da ke son hawa za su fi sakewa da keken da ba shi da sandar tsakiya.

Da hunturu hazo yana rage gani, saboda haka a kunna fitila ko da gari ya waye, a rufe hanci saboda ƙura. Da damina kuwa abin tsoro shi ne birki. In ƙarfen ƙafa ya jiƙe, robar birki tana zamewa a kansa, keke ya yi ta tafiya kamar ba a kama ba, musamman irin na gargajiya. A fara kama birki tun da nisa. Kada a shiga ruwan da ya kwanta a kan titi, domin ba a san ramin da ke ƙarƙashinsa ba, kuma kwatar da ba ta da murfi ba ta da alama in ta cika. Ranar da hadari ya haɗu sosai, a bar keke a gida a shiga mota. Wanda ya hau kwana huɗu cikin biyar ya riga ya tsirar da yawancin kuɗinsa.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Shugabannin Wurin Aiki

Cikin 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da ranar 3 ga watan Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya, ana kuma yin jerin gwanon kekuna a wasu birane domin tunawa da ita. Amma abin da zai sa ma'aikaci ya hau keke ranar Litinin ya fi wannan sauƙi. Yana bukatar wurin da zai ajiye shi cikin inuwa, kusa da idon maigadi, da ƙarfen da zai ɗaure shi. Yana bukatar famfon ruwa da ɗan ɗakin sauya riga. Yana bukatar maigadi ya buɗe masa ƙofa kamar yadda yake buɗe wa mai mota, ba a ce ya zagaya ta baya ba. Ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, waɗanda suke saye wa membobinsu shinkafa da babura a biya sannu a hankali, za su iya farfaɗo da rancen keke irin na da. Filin da mota guda take fakewa yana ɗaukar keke takwas zuwa goma, kuma ba ya bukatar kome sai rumfar kwano da bututun ƙarfe guda da aka kafa da siminti.